Ƙarfe Tara, AGR 214

Mutum na uku ke nan Baba Gershon ya tare ya miƙa masa takardar, shi ma ya duba, ya ɗaga kafaɗa, ya yi gaba abinsa. Abin ya fara ba shi haushi. Jami'a guda, a ce babu wanda ya san inda ɗaki mai lamba ɗari biyu da goma sha huɗu yake? Sau biyu yana zagaya dogon ginin nan mai farin fenti yana karanta ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake bin taragu a zamanin da yake aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Ƙofofin sun tsaya a goma sha biyu.

Ya sake buɗe takardar ya nisanta ta da idonsa. Rubutun autarsa ne, Rosemary, ƙanana a tsare: Alhamis, ƙarfe tara, AGR 214. Shi ne layi na ƙarshe, wato jarrabawarta ta ƙarshe a shekara ta huɗu. Bai gaya mata zai zo ba. Tun da sassafe ya goge takalmi, ya saka kwat ɗin da ba ta fita sai Kirsimeti da jana'iza, ya shigo mota daga Samaru Kataf da soyayyar kaza a leda. A aljihun gaban kwat ɗin kuwa akwai sabuwar maka, irin alƙalamin nan mai kaurin baki, wadda ya saya tun makon jiya ya gwada ta sau ɗaya a bayan kalanda.

Ya ga hoton ɗan maƙwabcinsa bara, sanye da farar riga duk an cika ta da rubutu, uwarsa ta sa hannu a ƙirji. Haka yaran zamani ke yi ranar da suka gama. To, matarsa Serah ba ta nan balle ta sa hannu. Ta rasu Rosemary tana shekarar farko, ta bar shi a gida mai ɗaki huɗu shi da rediyo. Yayyen Rosemary maza biyu suna Abuja da Legas, suna bugo waya idan sun tuna. Saboda haka shi zai rubuta, kuma ya kwana uku yana shirya abin da zai rubuta.

Takardar ma aikin Serah ce. Ita ta kafa doka cewa duk lokacin jarrabawa yarinya ta rubuto rana da sa'a, a manna a bango, a yi mata addu'a daidai lokacin da take ɗaukar biro. Da ta tafi, Baba Gershon ya gaji aikin. Ƙarfe tara na bugawa zai kashe rediyo, ya dafa kujera ya durƙusa a kan gwiwoyin da ba sa son durƙuso, ya ce, “Ya Ubangiji, ka shiga ɗakin nan tare da 'yarka,” sa'an nan ya karanto haruffan da lambar a fili don kada a samu kuskure. A saninsa haruffan sunan gini ne, lambar kuma ta ƙofa ce. Yau a mota ƙarfe tara ta same shi, sun ɗan wuce Kagoro, ya cire hula ya rufe ido, direba ya rage waƙa.

Filin makarantar ya cika da hayaniya. Fararen riguna ko'ina, ana ihu, ana watsa wa juna ruwan leda, motoci na hon ba dalili. Wata uwa ta ɗaura ɗankwali a ƙugu tana rawa a gaban ɗanta. Baba Gershon ya riƙa leƙa fuskoki, yana ɗaga ledar kaza sama kada a jiƙa ta. Bai ga Rosemary ba. Da ya gaji, sai ya tambayi ofishin sashen zanen gine-gine, domin abin da take karanta ke nan, kuma duk Samaru babu wanda bai ji wannan daga bakinsa ba.

Sakatariyar sashen, Madam Lai'atu kamar yadda aka rubuta a kan teburinta, mace ce mai jiki da tabarau a kan hanci. Fayil-fayil sun kusa binne ta.

“Sannu Baba, ka zauna. Kana neman wanene?”

“Ɗaki nake nema, 'yata. AGR ɗari biyu da sha huɗu. Na zagaya har ƙafata ta gaji.”

Ta karɓi takardar ta duba, ta yi dariya irin ta wanda bai san zai yi ɓarna ba.

“Ayya Baba! Wannan ai ba ɗaki ba ne. Lambar kwas ne.”

“Lambar me?”

“Kwas. Darasin da ake koya masu. Kowane darasi yana da nashi lamba, kaman yadda mota yana da lamba. Ka ga haruffa uku ɗin nan, su ne suna gaya maka sashen. ARC namu ne, zanen gini. GST na kowa da kowa ne, ko likita za ka zama sai ka yi shi. AGR kuma ba namu ba ne, na mutanen aikin gona ne, can bayan filin ƙwallo.”

“A'a, ita zanen gini take yi. Wataƙila aron wuri suka yi a can.”

Madam Lai'atu ba ta kama maganar ba, domin bayani ya riga ya ɗebe ta. Da gani ta daɗe tana yi wa sababbin ɗalibai wannan karatu, kuma tana jin daɗinsa. Ta juya ta nuna wata doguwar takarda da aka manna a bango.

“Lamban ma ba haka kawai ake saka shi ba. Na ƙarshe yana nuna zango. In ya ƙare da ɗaya, uku, biyar, zangon farko ne. In biyu, huɗu, shida, zango na biyu. Ka ga C ɗin nan a gefe? Na dole ne, in yaro ya faɗi sai ya sake ɗauko shi shekara mai zuwa, shi ne muna ce kari-oba. E kuma na zaɓi ne, in kana so ka yi. Amma babban shi ne lamban farko. Shi ne aji. Ɗaya, shekaran farko. Biyu, shekara na biyu. Waɗannan masu ihu a waje, duk kwas nasu da huɗu ya fara.”

Baba Gershon ya gyaɗa kai. Wannan irin tsari ya san shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana karanta lambobi a jikin taragu, daga nesa zai gaya maka na kaya ne ko na fasinja, daga ina ya fito, ina ya dosa. Har ya buɗe baki zai ba ta wannan labari, sai idonsa ya koma kan takardar da ke hannunta.

Biyu, ɗaya, huɗu.

A hankali ya zuge jakar Littafi Mai Tsarki. A ciki takardun suke, sauran guda bakwai, a ninke tsakanin Zabura da Ishaya. Ya taho da su ne don ya nuna wa Rosemary cewa ko ɗaya bai yar ba, kuma ya yi niyya ran Lahadi ya ɗaga su sama a gaban ikkilisiya lokacin shaida. Ya jera su a kan teburin matar, shekara-shekara, yana gyara bakinsu da yatsa.

Biyun farko duk da ɗaya suka fara. Biyun da ke biye, da biyu. Na shekara ta uku, da biyu kuma. Ga ARC 213 a shekara ta biyu, ga shi ya sake dawowa a ta uku, rana ce kawai ta bambanta. Ya tuna lokacin har ya yi murmushi ya ce ɗakin nan yana ƙaunar yarinyar, sun sake mayar da ita ciki. A takardun bana kuwa babu ARC ko guda. AGR ne daga sama har ƙasa, kowanne da biyu a gabansa. Ya bi layukan da yatsa, ya sake bi, yana neman uku ko huɗu ko da a kuskure. Babu.

Madam Lai'atu ta cire tabarau ta goge da gefen zani, ta mayar.

“Yaya sunan yarinyan?”

“Rosemary Gershon.”

Ta san sunan, fuskarta ta nuna. Ta tashi ta ɗebo ruwa a kofi ta ajiye masa.

“Baba, ni ban ce komai ba fa. Lamba kawai na karanta maka.”

“Na sani, 'yata. Kin karanta daidai.” Ya kalli kofin bai taɓa ba. “In mutum ya faɗi na dolen nan sau biyu, me ake yi masa?”

“In makinsa ya yi ƙasa sosai, ana ba shi shawara ya canja sashe. Sai ya koma aji biyu a can. Ba kora ba ne, Baba. Da yawa suna zuwa can su yi kyau.”

“Aikin gonan shekara nawa ne?”

“Biyar.”

Ya tattara takardunsa, ya yi godiya kamar yadda ya kamata, ya fito. Sai da ya kai bakin ƙofa ta biyo shi da ledar kaza da ya manta.

A gindin wata bishiyar mangwaro ya sami dakali ya zauna. Kunya ce ta fara zuwa, mai zafi, har kunnuwansa. Ran Lahadin nan ne godiya. Dickson, sakataren ikkilisiya, ya sanar sau biyu daga bagade: iyalin Dattijo Gershon za su kawo godiya domin 'yarsu ta gama jami'a. Zumuntar mata, ƙawayen Serah, sun yi mako uku suna koyon waƙa. An ɗinka anko. Akuya tana ɗaure a bayan gida tana cin dusa. Shi da ake kira ya sasanta gidajen mutane, shi ne zai miƙe ya ce a yi haƙuri, bai san ajin da 'yarsa take ba.

Bayan kunya sai fushi. Shekara biyu tana zuwa hutu, ta dafa masa tuwon acca, ta wanke masa kaya, ya ce “Akitek ɗina, mai zanen gini,” ta ce “Na'am, Baba.” Ranar da ya ce zai je wurin Rabaran a sa ranar godiya tana tsaye tana goge tebur, ta ce “To.” Bai san ta iya ƙarya haka ba. Ya ga hanya a sarari: ya tashi, ya tafi tasha, ya koma gida, ya jira ta kawo masa ƙaryar har ɗaki, ya ga da wane ido za ta faɗa. Ya ma miƙe ya kakkaɓe wando.

Yana mayar da takardar yau cikin jaka sai hannunsa ya tsaya. Yarinyar nan ta san abin da lambobin ke nufi. Ita ce ke rubuta su da hannunta, babu hatimi, babu sa hannun kowa. Da ta ga dama da ta mai da biyun nan huɗu, ta bar ARC a wurinsa, har abada babu mai ganewa. Sau huɗu tana miƙo masa takardar da za ta iya tona mata asiri, ya manna ta a bangon falo inda Rabaran da malamai da kowane baƙo ke zama. Ba ta canja ko lamba ɗaya ba. Ta yi masa ƙarya da baki, amma ta kasa yarda ya durƙusa ya roƙi Allah a kan jarrabawar da ba ita take rubutawa ba.

Ya koma ya zauna. Ya daɗe a wurin, ihun yaran yana zuwa masa daga nesa. Abin da ya fi ci masa rai yanzu shi ne, duk shekara biyun nan yana zaton shi kaɗai ne ke zaune shi kaɗai.

Sashen aikin gona yana can ƙarshen makaranta, inda kwalta ta ƙare. Ruwan daren jiya ya bar taɓo, takalmin da ya goge ya tashi daga aiki. A nan babu hon, babu rawa. An tashi daga jarrabawa, ɗalibai sun watse sun tafi kallon masu farar riga. Ya wuce kunyoyin masara da wasu ƙananan alluna a kafe, ya zagaya wata rumfa da aka jera dashe a baƙaƙen ledoji.

A bayan rumfar ya gan ta. Tana zaune a kan bulo, ta shimfiɗa farar riga a kan cinyarta da littafi a ƙarƙashi, ta duƙa tana rubutu. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ya tsaya yana kallo. Ta rubuta wani abu da shuɗiyar maka, ta rufe, ta ɗauki ja, ta juya rigar a karkace, ta mayar da alƙalamin hannun hagu, ta rubuta wani da ƙyar, harafi na hawa kan harafi. Rigar ta kusa cika rabi da gaisuwa da fatan alheri, launi uku, rubutu iri-iri. Wayarta tana jingine da wani bulo, an saita ta don ɗaukar hoto.

“Auta.”

Makar ta faɗi a taɓo. Ta miƙe zumbur, ta kai rigar bayanta kamar ƙaramar yarinya da aka kama da hannu a tukunya.

“Baba! Me ya... yaushe ka zo? Lafiya? Ba ka gaya mini ba.”

“Lafiya lau. Yaya jarrabawan?”

“Mun gode Allah.”

Ya nemi bulo ya zauna, ya ɗora ledar kaza a gwiwa. Bai san ta inda zai fara ba, kuma duk maganganun da ya tara a gindin mangwaro sun gudu.

“Wannan ɗari biyu da sha huɗun,” ya ce, “na dole ne ko na zaɓi?”

Ta kalle shi. Ya ga lokacin da maganar ta isa. Hannun da ke riƙe da rigar ya sauko gefenta.

“Na dole ne, Baba.”

“Me ake koya a ciki?”

“Cututtukan shuka.”

“Har da abin da ya cinye mana citta a gona?”

“Har da shi.”

“To. Kin ci?”

“Ina gani na ci. Tun da na zo nan ban faɗi ko ɗaya ba.” Ta durƙusa a cikin taɓon, da siket ɗinta mai kyau. “Baba, ka gafarce ni. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Lissafin ƙarfe da kankaren nan ya ƙi shiga kaina. Sau biyu ina faɗuwa. Ranar da aka ce in canja na zo gida in gaya maka, na tarar ka sa an rubuta Akitek a jikin hotona. Na kasa. Kullum ina cewa gobe. Ƙawayena duk sun wuce, ba na ma bin hanyar da zan gamu da su.”

“Da Lahadin fa? Da haka za ki shiga gaban bagade ki yi rawa?”

“Ban sani ba, Baba. Ban sani ba. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya.”

Bai ce ya yafe ba, domin bai gama jin zafin ba, kuma shi ba ya faɗin abin da bai kai zuciyarsa ba. Amma ya miƙa hannu ya kama nata ya ɗaga ta, ya nuna mata bulon da ke kusa da shi. Suka zauna suna kallon ledojin dashe. Can ya ciro wayarsa, ya lalubo lamba da yatsa ɗaya.

“Dickson, ni ne. Maganan godiyan Lahadi, a cire shi.” Ya saurara. “A'a, babu wanda ya mutu. Ni ne na yi kuskuren karatu. Kada ka sanar da komai, ni zan tashi in faɗa da bakina. Ka gaya wa Mama shugaban zumunta zan zo in same ta da yamma.” Ya sake saurarawa. “Akuyan ta ci sa'a ke nan.”

Ya kashe wayar. Rosemary tana kuka ba sauti, kanta a ƙasa.

“Baba, za su yi maka dariya.”

“Za su yi. Mako biyu, su sami wani.” Ya tura mata ledar. “Ci. Maƙwabciyarmu Maman Eli ce ta soya, ta ce in gaishe ki.”

Ta buɗe ledar ta ɗauki cinya, ta riƙe ba ta kai baki ba. Ya karɓi rigar daga hannunta ya buɗe ta. An rubuta mata barka da sunaye bakwai ko takwas, mutanen da ba su san tana nan ba. Tsakiyar ƙirjin kuwa fari fat, ta bar shi, daidai inda uwar ɗan maƙwabcinsa ta sa hannu a hoton bara.

“Nan fa?”

“Na bar maka ne. Na ce in na kawo gida za ka rubuta.”

Ya ninke rigar gida huɗu, ya tura ta cikin jakar Littafi tare da takardun, zik ɗin ya rufe da ƙyar.

“Wannan ta lalace. In lokaci ya yi a sayi sabuwa, mutane su rubuta da hannunsu. Takardan da za ki kawo mini na gaba, da wane lamba zai fara?”

“Uku.”

“Sai huɗu, sai biyar.”

“I, Baba.”

Shekara uku ke nan. A watan Nuwamba zai cika saba'in da huɗu, kuma likita ya riga ya ƙara masa ƙwayar hawan jini. Bai faɗi wannan ba, ita ma ba ta faɗa ba, amma ya ga tana kallon hannunsa.

“Ki riƙa rubuta sunan darasin a gefe,” ya ce. “Shekara huɗu ina aika Ubangiji ɗakin da babu shi.”

Ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki, ta goge hanci da bayan hannu, ta fara cin kazar.

Baba Gershon ya taɓa aljihun kwat ɗinsa, ya ciro sabuwar makar. Ya juya ta a hannu, ya duba ko an rubuta ranar da za ta daina aiki, bai gani ba. Sai ya sa babban yatsa ya danna murfin da ƙarfi har ya ji ya yi ƙas, ya sake dannawa don kada iska ta shiga, ya mayar da ita aljihu.